Inusa da ɗiyan hawainiya

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya san inda kowa ya kwana.

Inusa shi ne ɗana na uku, a nan Gangara na haife shi. Manomi ne kamar ubanshi, Allah Ya jiƙan shi, gyaɗa da gero da ɗan wake. Ba shi da yawan magana. In ya gaishe ka ya tambayi gida, to ya gama.

Wata kaka yana cirar gyaɗa, hauyarshi ta tono ƙwai cikin ƙasa, farare, ƙanana kamar ƙwayar gurjiya. Huɗu sun fashe. Ya kwaso sauran da ƙasarsu cikin hula ya kawo gida.

Na ce, "Na maciji ne ka kawo mani?"

Ya ce, "Na hawainiya ne, Inna. Ni na rushe masu ɗaki, hakkinsu na kaina."

Ya sa su cikin tsohuwar tukunya da rairayi mai damshi, ya aje ƙarƙashin rumbu. Ranar da ruwan farko ya sauka ya kira ni. Sai ga wasu abubuwa kamar ɗan yatsan jariri suna fitowa, ido na juyawa, wutsiya a naɗe. Na yi salati. Ya yi masu keji da kara, ya lulluɓe da tsohon sange, gidan sauro. Ba su shan ruwa a kasko, sai an yayyafa bisa ganye su lasa. Ba su cin abin da ba ya motsi, shi ya sa yake aje ruɓaɓɓen mangwaro don ƙananan ƙudaje su taru. In sun kwana arba'in sai ya kai su gona ya saki. Shekara uku yana haka, har masu cirar gyaɗa in sun tono sai su aiko a kira shi.

Maƙwabciyata Habi ba ta bar mu mun huta ba. Ta kan leƙo ta katanga ta ce, "Uwar Inusa, ya garke? Wace za ku yanka mana da layya?"

Ya kan ce, "Wadda kika iya gani, Baba Habi, taki ce."

Bara tsutsa ta cinye mana gero. Da aka gama kaka ya ce zai tafi Aljeriya neman aiki. Da safen da zai hau mota ya kai ni gindin rumbu, ya buɗe tukunya. Ƙwai ashirin da uku.

"Ki riƙa yayyafa ruwa kaɗan, Inna. Kafin su fashe na dawo."

Ni tun ina budurwa nake kiwon kaji. Na san kaza tana juya ƙwanta, ko na zabo ne aka sa mata. Na ce waɗannan marayu ba su da mai juya su. Kullum in na idar da sallar walha sai in bi na sama in juya su ɗaya ɗaya, ina jin daɗi ina yi mashi abin da bai ma roƙa ba.

Bayan wata biyu ya kira ta wayar Rabo mai butik, ɗan shagon unguwarmu. Na gaya mashi.

Ya ce, "Inna, ba a juya su. Uwarsu binnewa take ta tafi. Yadda ta aje su haka suke kwana."

Na ce, "Na kashe su ke nan?"

Ya ce, "Ki bar su dai. Ni ne ban faɗa maki ba. Kina cin abinci?"

Na sama duk suka yi baƙi suka motse. Bakwai na can ƙasa, da hannuna bai kai gare su ba, su suka rage.

Ya sake kira da azumi, ya ce aikin gini yake, zai sauya gari. Tun ƙaramar salla ba mu sake jin muryarshi ba. Rabo ya gwada lambar har ya gaji. Wani da ya dawo ya ce ya gan shi lafiya, wani ya ce bai san shi ba.

Ruwa ya sauka, biyar suka fito. Na tsuguna ina kuka ni kaɗai. Na gyara kejin, na roƙi ruɓaɓɓen mangwaro gida gida. Habi da kanta ta kawo nata, ta aje mani.

Kwana arba'in suka cika, na ƙi sakin su. Na ce sai ya zo ya gani da idonshi cewa ban kashe duka ba. Suka yi kwana sittin. Sai suka fara hura wa juna wuya, suna baƙi in sun haɗu bisa kara ɗaya. Wata safiya na tarar da ƙaramar a ƙasa, ta bushe.

Habi ta ce, "Uwar Inusa, kin tsare su kamar su ne za su kawo shi."

Na ji haushinta. Amma da na yi sallar azahar na kasa ɗaga hannu in roƙi Allah Ya sako mani nawa, ga nashi bayin na kulle cikin sange.

Da la'asar na ɗauki kejin a ka na tafi gonarshi, wadda ƙanenshi ya shuka bana. Na ɗora su bisa sabara ɗaya ɗaya, nesa da juna. Ta ƙarshen ta riƙe mani yatsa da 'yan hannuwanta, sai da na lallaɓa ta. Na juya in ɗauki keji, na waiwayo, ban ga ko ɗaya ba.

Ban aje mashi ko guda ba. In ya zo sai dai ya yarda da bakina cewa huɗu sun rayu. In bai yarda ba ya yi mani faɗa, na ɗauka. Allah Ya kawo shi ya yi.