Malama Ta Koma Kujerar Baya

Sunansa na yanka ya ɓace tun da daɗewa. Kowa a layin teloli Baba Anya yake ce masa, saboda ba a taɓa gaya masa magana ya karɓe ta hannu biyu ba. Ka ce masa jiya an yi ruwa a bayan gari, sai ya karkata kai, ya leƙo ka ta saman tabarau, ya ce, "Anya kuwa?" In ka tsawaita masa gaisuwa, kafin ka kai ga tambayar iyali ya riga ya fara tunanin abin da ka zo nema.

Gyaran keken ɗinki ne sana'arsa. Shagonsa ɗan ƙarami ne, a matse tsakanin mai sayar da zare da mai guga, cike da kawunan kekuna da gwangwanayen noti da warin mai. Ni dai ina ganin sana'ar ce ta ɓata shi. Duk telan da ya shigo magana ɗaya ce a bakinsa: "Baba, haka kawai ta tsaya." Baba ya buɗe cikin keke, ya tarar da guntun allura, ko noti da aka ɗaure a karkace, shaidar cewa wani gwanin banza ya riga shi shiga. Shekara da shekaru yana ganin haka, har ya yanke hukunci cewa ƙarfe ba ya ƙarya, masu shi ne ke yi.

Abu ɗaya tak ya yarda da shi a duniya, wato kamfanin nan na Japan da ya ƙera motarsa. Dalilin kuwa tsoho ne. Mahaifinsa masaƙi ne, a gindin masaƙa Baba ya yi rarrafe. Yana saurayi ya ji a rediyo cewa kamfanin da injin saƙa ya fara kafin ya shiga harkar mota, labarin kuwa ya zauna masa daram a zuciya. Haka yake bayar da shi ga duk wanda ya yi kuskuren zama a bencin shagonsa: wai mutumin da ya kafa gidan ya lura cewa zare ɗaya in ya tsinke aka ci gaba da saƙa, duk ƙyallen ya tashi aiki, sai ya yi dabarar da injin zai tsaya da kansa. Daga nan 'ya'ya suka koma ƙera mota da wannan halin. "Wanda ya ji tsoron zare ɗaya," in ji Baba, "ba zai sayar maka da mugun ƙarfe ba." Kowace shekara labarin na ƙara tsawo, amma ba wanda ya isa ya ce masa anya.

Motar kanta ta hannu ce, ruwan toka, a wurin wani tsohon likita ya saye ta. Sai da ya gajiyar da bawan Allahn nan da zirga-zirga. Ya zo da maganaɗisu ya bi jikinta da shi ko an cike wani wuri da ƙwaɓi, ya shinshina man injin, ya kwanta a ƙasa ya leƙa cikinta. Da ta zama tasa, sai ya ari jan farcen 'yarsa Auta ya bi batir da fulogi da duk abin da hannu zai iya kwancewa, ya ɗiga wa kowanne alama. Bakanikensa, Gajere, bai taɓa taɓa motar ba sai Baba na tsaye a kansa. Ita kuma motar, a gaskiya, ba ta ba shi kunya ba. Ta kai yara makaranta har suka gama, ta kwashe kayan Auta zuwa gidan miji, ta ɗauki kawunan kekuna ba iyaka, ba ta taɓa kwana a hanya ba.

Matarsa tsohuwar malamar firamare ce, kowa Malama yake kiranta, har shi. A gida ba su cika hira ba, don Baba ko a falonsa kunnensa na kan ƙofa. Amma da zarar sun shiga mota sai ya zama wani mutum. Kafaɗunsa su sauka, bakinsa ya buɗe. Ita tana gefensa, an tura mata kujera baya saboda ciwon gwiwa, tana ɓare masa lemo, tana duba masa hannun da ba ya gani sosai, tana cewa, "Shiga, ba kowa." A kujerun gaban nan suka yanke shawarar auren 'ya'yansu, a nan suka yi faɗa suka shirya, a nan ta taɓa sa shi dariya har ya faka a gefen titi yana share hawaye. In ka ce aurensu a cikin motar nan yake zaune, ba ka yi ƙarya ba.

Ana nan, wata safiya yana tsakiyar kwance wata keke, wayarsa ta yi ƙara. Muryar mace ce, mai ladabi. Ta ce daga wakilan kamfanin motarsa take kira. An gano cewa jakar iskar nan da ke fitowa in an yi karo, ta ɓangaren mai zaman gaba, tana iya fashewa ta watso guntayen ƙarfe. Ana roƙonsa ya kawo motar a canza.

"Nawa?" in ji Baba.

"Kyauta ne, Baba."

"Wa ya ba ki lambata?"

Kafin ta gama bayani ya kashe wayar. Banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma Baba bai kai wannan shekarun don a yi masa wayo da muryar mace ba. Kafin azahar ya gama warware makircin: ɓarayin zamani ne, sun san tsofaffin motocin nan kayan cikinsu na asali ne, so suke a kai musu har gida su kwashe su zuba jabu. Hujjarsa babba kuwa ita ce kamfanin da ya sani ba ya irin wannan kuskuren, saboda haka duk wanda ya ce ya yi, maƙaryaci ne.

Layin teloli ya ɗauka. Mai guga ya ce yayansa ya kai tasa, an canza, ta dawo lafiya lau har an wanke masa ita. Mai zare ya ce surukinsa ya kai, ta dawo batir ɗin ba nata ba. Da aka matsa masa ya ce to, wani ne ya gaya wa surukin. Gajere kuwa ya ce, "Baba, kar ka kuskura. In suka buɗe gaban motar nan, ba mai mayar da shi yadda mutanen Japan suka ɗaura." Baba ya ji daɗin maganar, ko da yake a hanyar gida ya tuna cewa Gajere ba zai so kowa ya taɓa motar da yake ci da ita ba. Sai ya zargi Gajeren ma, ya kuma riƙe shawararsa.

Auta ta zo da yamma, ta kwafi lambar jikin motar, ta duba a wayarta. "Baba, gaskiya ne fa. Ga shi, motarka na cikin waɗanda ake nema a kai."

"A waya kika gani?"

"Eh, a shafin kamfanin."

"To ai ɓarayin ma a waya suke kwana."

Malama na zaune tana ninke kaya, ba ta ce uffan ba. Baba ya ɗauka shirun nata goyon baya ne, wanda ya nuna cewa duk zarginsa bai san matarsa ba.

Ranar da za ta koma asibiti a duba gwiwarta, ya fito da mota, ya miƙa hannu ya buɗe mata ƙofar gaba kamar kullum. Ta zo da sandarta, ta wuce ƙofar, ta buɗe ta baya, ta shiga da ƙyar tana cije leɓe, don bayan ba shi da wurin miƙe ƙafa.

"Malama, lafiya?"

"Lafiya lau. Mu je, kar mu makara."

Ya tuƙa, ƙofar zuciyarsa a rufe. A mahaɗar titi ya jira a ce masa "shiga", ba wanda ya ce, har na baya suka dame shi da hon. Da suka biyo ta layin teloli mai guga ya ɗaga murya: "A'a, Baba, yaushe Hajiya ta ɗauke ka aiki? Ana biya dai ko?" Aka kwashe da dariya. Baba bai ko juya ba, amma maganar ta soke shi.

Ya ce a ransa fushin mata ne, zai wuce. Bai wuce ba. Aka shiga wani watan tana baya. Ba ta yi masa gori, ba ta ɗaga murya, abincinsa na nan a kan lokaci. Sai dai motar ta zama bebiya. Yakan saci kallonta ta madubi ya ga tana kallon waje, hannunta na murza gwiwa. Ya yi kewarta ƙwarai, alhali tana bayansa taku ɗaya. Kuma da yake hali zanen dutse ne, sai ya fara neman wanda ya zuga ta: Auta ce? Mijin Auta, wanda dama ya daɗe yana cewa a sayar da tsohuwar motar? Ko matar wayar ce ta kira ta a ɓoye?

Wata rana suna dawowa daga asibiti ya kasa daurewa. Ya faka a ƙofar gida, bai kashe injin ba.

"Yanzu Malama, kin fi yarda da muryar da ba ki taɓa ganin mai ita ba a kaina?"

"Ni ban ce na yarda da su ba, Malam. Ban san ko gaskiya suke faɗa ba. Kai ma ba ka sani ba."

"Na san motata."

"Ka san ta. Amma kai sitiyari ne a gabanka. Abin da ake magana a kai, a gaban fuskata yake." Ta gyara mayafi. "In kai ne da gaskiya, ka tsira da ƙarafunanka. In su ne da gaskiya fa? Da wa ka yi cacar?"

Ta buɗe ƙofa ta sauka a hankali. Baba ya daɗe a zaune yana kallon wurin nan na gaban kujerarta, roba baƙa mai santsi da rana ta ƙoɗar, inda take ajiye ɓawon lemo. Kunya ta kama shi, irin wadda bai saba da ita ba.

Da sassafe ya sabunta duk alamominsa, ya kai motar wurin wakilan kamfanin. Wurin ya fi ƙarfin zarginsa tsabta, wannan ma ya ƙara masa zargi. Aka ba shi ruwan sanyi ya ƙi sha. Aka ce baƙi ba sa shiga wurin aiki, sai ya manna goshi a gilashin da ya raba su, yana kallon wasu mutum biyu masu shuɗin kaya suna kwance gaban motarsa, suna zaro hanjinta. Ji ya yi kamar haƙoransa ake cira.

Shugaban masu gyaran ya zo wucewa, Baba ya tare shi. "Ɗana, tsakaninka da Allah. Su mutanen Japan ɗin da bakinsu suka ce sun yi kuskure?"

"Su suka aiko, Baba. Su suka turo kayan ma."

Da a ce mutumin ya yi 'yan kame-kame, da Baba ya samu abin riƙewa. Amma ya faɗa kai tsaye, ya wuce abinsa. Baba ya nemi a ba shi tsohuwar jakar ya gani da idonsa, aka ce ba a bayarwa, mayar da ita ake yi a lalata. Ya ce dama ya san za a rina. Da aka fito da motar ya buɗe gabanta ya bi alamominsa ɗaya bayan ɗaya, duk suna nan. Wannan bai kwantar masa da hankali ba, don jan farce ba wuyar samu gare shi ba.

A hanyar gida, da ya hau titin da ba kwalta, ya ji ta. Wata 'yar ƙara ce siririya, kar-kar-kar, daga cikin gaban motar ta ɓangaren kujerar Malama. Motar da ta yi shekara da shekaru ba ta yi ko tari ba. Gajere ya saurara ya ce, "Ai na gaya maka." Ya laluba iya lalubensa bai gano ta ba. Wakilan kamfanin suka ce ya dawo da ita su duba, Baba ya ce ko a mafarki.

Har yau bai san ko an cece shi ba ne ko an cuce shi. Abin da aka lura dai shi ne ya daina ba da tarihin kamfanin a shago. In wani sabon tela ya tambaye shi ko motocin Japan na da kyau, sai ya ce, "Mota ce," ya ci gaba da aikinsa. Ya yi rashi, kuma ya san ya yi.

Malama kuwa tun washegarin gyaran ta dawo gaba, ba tare da wani jawabi ba. Ta tura kujera baya, ta miƙe ƙafa, ta ce wash. Da suka hau titin nan marar kwalta ƙarar ta taso.

"Kina jin wannan?" in ji Baba.

"Me fa?"

"Ƙarar nan. Sun lalata min mota."

"Ni ban ji komai ba. Kunnenka ne, Malam, tsufa ya zo."

Ta ci gaba da ba shi labarin rigimar da jikarsu ta yi da malamar ajinsu. Tana cikin magana ta miƙa hannu ta ɗora tafinta a kan gaban motar, daidai wurin, ta ɗan danna. Ƙarar ta ɗauke. Ba ta cire hannun ba sai da suka hau kwalta.

Haka take yi kullum tun daga ranar, ko da hannun zai gaji. Baba yana gani ta gefen ido, ya san sarai tana jin ƙarar, ya san kuma ƙarya ta yi masa. Bai taɓa tuhumarta ba. Yakan rage gudu ne kawai a wurin, don kar hannunta ya sha wahala.