Ƙafafun Gwaggo Kulu

Duk wanda ya tashi gidanmu na Turba, bisa ƙafafun Gwaggo Kulu ya koyi kashi. Kada wani ya murtuke fuska, har da kai Alhaji Sani mai babbar riga! Da ta idar da sallar safe sai ta zauna bayan rumbu, ta miƙe ƙafafu, ta ɗora yaro, tana "ssss, ssss" kamar mai korar kaji. Kuma kun san bakinta: "Ba a haifi ɗan da ya wuce kwana bakwai bisa ƙafafun nan ba."

Girma bai ceci kowa ba. Ran da Sani ya kawo abokan cinikinsa daga Nijar, yana ta ƙasaita a zaure, sai ta leƙo ta ce, "Wanga? Kwana huɗu ya yi. Amma fa zawo gare shi, kullum sai na wanke har gwiwa." Tun ran nan bai sake kawo baƙo ba sai ya tabbatar tana gona.

To, ni na jawo mata masifa. Bashiru nawa ya kai shekara biyu da rabi a garin Isa bai san komai ba sai kunzugun kanti, ga ni da tsohon ciki. Na ce wallahi ba ni iya wa biyu. Na kwashe shi sai Turba.

Da kara Gwaggo ta ɗaga kunzugun. "Ke Hadiza, yaro shi yi kashi ki ƙulle mashi shi yi yawo da shi? Guzuri na?"

Na miƙa mata sabon fo na roba da na sayo. Ta juya shi, ta ƙwanƙwasa. "Kwano mai kyau haka za ki ba ɗuwawu?" Da la'asar na iske kaji suna shan ruwa ciki.

Kai, Bashiru ɗan duniya ne! Ya zauna bisa ƙafafun lafiya lau, ta yi "ssss" har bakinta ya bushe, ko ɗigo. Tana sauke shi, sai ya lallaɓa ɗakinta ya sauke kayansa bayan gado. Ran na takwas munka taru don mu yi mata tsiya.

"Gwaggo, yau takwas fa."

"In ji wa? Juma'a ba ta ciki."

Washegari ta cire ranar kasuwa. Daga nan ta cire ranar da anka yi ruwa, da ranar da akuyarta ta haihu. Mu muna dariya, ashe ita abin yana cin ta. Wata safiya na iske ta ita kaɗai tana matsa gwiwoyi. Ba ta ko dube ni ba ta ce, "Ko dai ƙafafun sun tsufa, Hadiza?" Wallahi sai tausayinta ya kama ni.

An kwashe mako uku ana haka. Rannan tana tankaɗe, Bashiru ya ja zaninta ya ce, "Gaggo, ƙafa." Ta yi cilli da rariya, gari ya watse, ta ɗora shi. Sai munka ji guɗa, ayyururui! Maƙwabta sunka shigo da gudu suna zaton na haihu.

"Mi anka samu?"

"Ku zo ku gani da idonku!" Ta hana a share sai da kowa ya leƙa, sannan ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, "Kwana bakwai cif."

Bashiru ne ya zama na ƙarshe. Kafin 'yar da na haifa ta fara zama, Gwaggo ta kwanta, ba ta daɗe ba ta tafi. Ina cikin masu yi mata wanka. Na daure har na zo ƙafafun, nan kuka ya ƙwace mani.

Ya Allah, baiwar nan taka ta wanke ƙazantarmu shekara da shekaru ba ta taɓa yamutsa fuska ba. Ka wanke ta fes, Ka yalwata kabarinta, Ka hutar da ƙafafun nan cikin Aljanna. Amin.