Filin da na bari a katin aurena

Kawu ya juya katin gayyatar aurena gaba da baya, ya ce, "Wanga fili duka, wa ka ajiye wa?"

Ni na tsara katin. Inda na koyi kwamfuta a Dogon Dutsi, an ce a bar sarari a shafi don ido ya huta. Na faɗa masa haka.

Ya ce, "Ido ya huta? In katin ga ya kai Matankari, cewa za su yi ba mu da dangi."

Na yi ta cusa sunayen dangi har bakin takarda. Kowa ya ji daɗi, amma sai an kai katin kusa da hanci ake ganin sunana.

Jama'a, wai auren wa ake yi?