Maimai a Aji Biyu

Ban taɓa mantawa da ranar da mai duba makarantu ya zo mana daga Katsina a kan babur ba. 'Yan shekaru ne bayan samun mulkin kai, ina leburan gonar firamare a wani ƙauye kusa da Ƙarfi. Ban yi boko ba, amma kunnena ba ya barin magana ta wuce.

An kai ƙarar Malam Sani na aji biyu, wai yana karantar da yara da Hausa, alhali hedimasta ya ce Turanci zalla. A wancan zamani rahoto ɗaya daga mai duba ya isa a yi wa malami canjin wuri, ga shi Malam Sani shi kaɗai ke riƙe da tsohuwarsa makauniya.

Da suka shiga ajin, na ajiye fartanya na laɓe a jikin taga. Mai duba ya ce, "Malam, Hausar taka ba ta da kalmomin makaranta. Zan faɗi uku na Turanci, ka ba ni Hausarsu. In yara sun gane, na ƙyale ka."

Biyu suka wuce lafiya. A ta uku ya ce, "Ribishan." Malam ya shiga laluben Hausarta. Bakina kuwa bai iya zama ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, mene ne shi wannan ribishan ɗin?"

Hedimasta ya daka mini tsawa, "Kai Ɗanjuma, koma gonarka!" Mai duba ya ce a bar ni. Ya ce sake bin karatun da aka riga aka yi ne, don kada a manta.

Na ce, "Af, ai maimai ke nan! Bayan noman farko ba sai an koma an sake bin gona ba?"

Mai duba ya juya ga yara ya ce, "Gonar da ba a yi wa maimai ba fa?" Aji ya ɗauka gaba ɗaya, "Ciyawa ta cinye!" Ya ce, "To karatu fa?" Wata yarinya, Hansai, ta ce, "Shi ma mantuwa ta cinye."

Mutumin nan ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe ɗan manomi ne. Ya rubuta a bar Malam Sani a ajinsa, Turanci kuma a koyar da shi a nasa lokacin.

Ku da kuka kama aikin koyarwa yanzu, in kalma ta ɓace muku kada ku ce babu ita. Ku leƙa waje ku tambayi iyayen yaran.