Jan Alayyafon Kaka

Duk ran da na ga jan alayyafo a kasuwar Konni sai in kau da kai. Mai sayarwa ya ɗauka tsada ce ta kore ni. Ina! Kunya ce.

Kakana yana da garka a fadamar garinmu, can wajen Malbaza. Da sanyi ya shigo sai ya dasa kabeji, ya kewaye shi da jan alayyafo, layi guda ja wur. Ni ke kai mishi fura da hantsi. Ina da shekara goma, ina lakwal, wato makarantar boko, kaina cike da maganar mushe, malaminmu, cewa ƙwari abokan gaban manomi ne.

Ran nan na tarar ya tafi jana'iza. Na duba alayyafon, wayyo, ƙwari cunkus, ganye duk huji. Na ce lalle idon tsohon nan ya fara gajiya. Na tuge shi kaf, na jefa wa awakin maƙwabcinmu da ke ɗaure bayan darni, na koma gida ina jiran yabo.

Ashe don ƙwarin ya shuka shi. Shi suka fi so, sai su taru a kansa su ƙyale kabeji. Kafin sati ya zagayo sun mai da kabejin rariya.

Kaka ya riga ya ga guntayen jan ganye a gindin turken awakin. Maƙwabcin nan kuwa tare aka yi musu kaciya da Kaka, kullum kwano ɗaya suke ci a ƙofar gida. Ina tsaye da ƙwaryar fura Kaka ya ce mishi, "Haba Malam! Da ka roƙa ai da na ba ka."

Ya ce, "Wallahi ban taɓa ba." Sai ya dube ni. Ya gan ni ran nan, na san ya gan ni. Na sunkuyar da kai. Ya kwance awakinsa ya tafi.

Daga ranar kowa ya koma cin tuwonsa a cikin gida. Bayan damina biyu maƙwabcin ya rasu, Kaka na cikin masu ɗaukar makara, yana ta share hawaye da bakin rawani. Ban faɗa ba. Har shi ma ya tafi ban faɗa ba.

Yanzu masu garka feshi suke yi, ba mai ɓata layi da alayyafo. Ni dai na shuka shi a tsohon bokiti a tsakar gida. Jiya ɗiyata ta ce, "Inna, bari in tuge wannan, duk ƙwari ne."

Na ce ta cire hannunta ta zo ta zauna. Ita ce ta fara jin labarin.