Ranar da Baba Sale Ya Raba Faɗan Turawa

Ko na manta da komai a aikin fili, ba zan manta da wata Alhamis ba, a tsakiyar shekarun tamanin. Lokacin ni ne mai kula da filin wasan wani kamfanin gine-gine a Khumra, kudancin Jidda.

Kamfanin ya ɗauko wani Bature ɗan Wales ya horar da ma'aikata wasan rugbi, mai ƙwallo kamar ƙwai. Mudarrib muke ce masa, wato mai horarwa. Kunnuwansa sun murɗe kamar ƙosai, ga dariya kamar janareto. Wasan iri biyu ne, na mutum goma sha biyar da na goma sha uku, kuma duka ya buga wa ƙasarsa. Amma da ya koma na biyun, wanda ake biyan albashi, sai mutanen na farkon suka rufe masa ƙofa. Sai a Jidda ya sake samun 'yan sha biyar da zai horar.

Mudir, shugaban kamfanin, bai ga amfanin abin ba. Ya ce idan wasan farko bai yi armashi ba, filin zai koma wurin ajiye tireloli. Filin nan kuwa shi ne abincina.

Ranar wasa da baƙi daga wani kamfani, na ɗauko 'yan uwanmu Hausawa daga unguwar Sa'alaba su taya ni jigilar ruwa. Babbansu Baba Sale ne, ƙaton dattijo ɗan dako, wanda ya zo umara ya zarce.

Aka hura usur. Ba a jima ba sai ƙartin nan suka rungumi juna, suka sunkuya, suka haɗa kai da ƙarfi suna gurnani. Haka dokar wasan take, a ture juna a ƙwaci ƙwallo. Baba Sale ya dire jarka.

"Innalillahi! Malam Hadi, faɗa ya kaure! Yanzu shurɗa za su zo su kama mu, mu ko iƙama, takardar zama, babu!"

"Baba, tsaya, wasa ne..."

"Wane irin wasa? Yalla, jama'a, a raba su!"

Suka kwarara cikin fili. Baba Sale ya cafki wandon wani injiniya ya fizgo shi waje, ya koma ya ɗauko wani, yana ta faɗin, "Halas! Ku ji tsoron Allah, da gemunku!" Wani ya sheƙa musu ruwa. Tarin ya rushe, aka bar ƙwallo ita kaɗai tana juyi.

Ni kam har na fara hango tireloli a filin. Na waiga, sai ga Mudir ya zame daga kujera yana dukan ƙasa don dariya. Mudarrib kuwa ya rugo ya rungume Baba Sale yana ihun, "Mafi mushkila!" wato ba matsala. Ya ce in fassara masa: shekara da shekaru ana matse shi a irin wannan tari, a wasan nan biyu, ba wanda ya taɓa shigowa cetonsa sai yau.

Aka ci gaba, ni ina riƙe da rigar Baba Sale. Muka sha kashi, amma kafin Mudir ya shiga mota ya ce min, "Fili ya zauna. Mako mai zuwa ka dawo min da dattijon nan."

Abin da na koya shi ne, duk wanda ka kawo aiki, ka faɗa masa abin da idonsa zai gani tun kafin ya gani. Baba Sale dai bai taɓa yarda kuskure ya yi ba. Da aka tashi, 'yan wasan suka jeru suna musabaha kamar yadda suka saba. Ya dube ni, ya gyara hula.

"Ka gani ko? Sun shirya. Da na biye maka, da har yanzu suna yi."