Ƙyallayen Saodah

A gidan Mak Embong ba a yin aure a fita hannu rabbana, sai da bargo. Kuma ba na kasuwa ba, bargon ƙyallaye ne da take haɗawa da allura, guntu-guntu, kowane guntu bai kai tafin hannu ba. Ba ko wane tsumma take tsinta ba. Tun ranar da ta haifi yaro take ware masa tsohuwar rigar filo, duk tufar da ta yi masa kaɗan a wanke, a ninke, a tura ciki, har ya girma. In an sa masa rana sai ta sauke ƙunshin, ta yanyanka, ta haɗa, ta zagaye bakin da tsohon zanen babansu, ta sa shafi. A ƙauyenmu na bakin teku a Besut, inda damina take zuwa da iska mai ratsa katakon ɗaki, bargo yana da ranarsa. Amma ita ba don sanyi take yi ba. Cewa take yaro ya tafi da abin da ya sa a gidan ubansa.

'Ya'ya bakwai ta haifa. Shida sun karɓi nasu sun watse, wannan Kuala Lumpur, waccan Johor, autan ma har Sabah. Ƙunshi ɗaya ya rage a ƙasan akwatin katako, na Saodah, babbarsu, wadda ƙannen suke kira Kak Long. Bana shekararta hamsin da uku.

Tana aji shida babansu ya yanke jiki ya faɗi a cikin kwale-kwalensa, abokan kamun kifinsa suka kawo shi gida ɓarin jiki a shanye. Shekara biyu ya yi a kwance, ya cika. Ba wanda ya ce wa Saodah ta bar makaranta. Gari ne dai ya waye ba ta je ba, ya sake wayewa ba ta je ba, shi ke nan. Ita ce goyo, ita ce wanki, ita ce mai tashi da asuba ta dafa shinkafa da madarar kwakwa da miyar kifi, ta ƙuƙƙulla a ganyen ayaba ta kai bakin titi. Har yau tana kaiwa, a kan tebur ɗin nan dai mai ɗingishi, ƙarƙashin bishiyar mangwaro.

Kada wani ya ɗauka mai so ta rasa. Tana da ashirin da shida wani malamin makaranta, Mat Zin, mai sanyin murya da jan babur, ya turo manyansa. Mak Embong ta karɓe su hannu bibbiyu, ta zuba musu shayi, ta ce a yi haƙuri Deraman, ƙanen Saodah, ya gama makaranta. Deraman ya gama, ta ce a bari auta ya ɗan tasa. Damina uku Mat Zin ya jira, wallahi ya yi ƙoƙari, sannan ya auri wata ma'aikaciyar asibiti. Ba wanda ya ga hawayen Saodah. Washegarin ɗaurin auren ma ta fita da shinkafarta.

Shekara takwas ke nan hannun Mak Embong ya fara rawa, ko kofin shayi sai ta tallabe da hannu biyu. A daidai lokacin kuma jikoki suka fara aure, kowa yana son bargon Tok, bargon kakarsa. To wa zai ɗinka? In Saodah ta dawo daga bakin titi ta wanke tukwane, sai ta shimfiɗa tabarma a baranda ta zauna da allura har la'asar, tsohuwar na jingine da bango tana zuba umarni.

“Odah, ja kusa da ja? Idon ne ya mutu?”

“Ruwan lemo ne, Mak.”

“Ni za ki koya wa kala? Farke.”

Sai ta farke. Ranar biki kuma amarya ta durƙusa ta sumbaci hannun tsohuwa, “Kai Tok, wannan ɗinki naki kamar na keke!” tsohuwar ta gyaɗa kai tana murmushi, Saodah kuwa tana can bayan gida tana kankare ƙasan tukunya. Abin da yake ƙona mini rai, kowa ya sani. Ba wanda bai ji rawar hannun da yake sumbata ba. Amma gode wa tsohuwa ya fi sauƙi, don in ka gode wa Kak Long sai ka tuna duk sauran abubuwan da ba ka gode mata ba.

Wata Juma'a cikin damina Deraman ya iso da motarsa, ya yi tumbi, ga gwangwanin biskit a hammata. Ya ci shinkafa faranti biyu, ya yi gyatsa, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi: an sa ranar 'yarsa Izzati.

“Kak Long, yarinyar nan fa ta ce ba ta tarewa sai da bargon Tok. Sati shida ya rage.”

“Sati shida? Injin ɗinki ka ga an dasa mini a hannu? To ina kayan nata?”

Ya sosa ƙeya. “Ai kin san birni, ba wurin ajiya. Uwarta ta rabar da su tun tuni.”

“Sai in ɗinka da me, Man? Ganyen ayaba?”

Ya yi dariya har tumbin na motsi. “Haba, ai akwai na cikin akwati. Naki ɗin nan. Suna can asu na sha'aninsa. Gara su yi amfani, ai duk jini ɗaya ne. Ko ba haka ba, Mak?”

Da da mugunta ya faɗa, da abin ya zo da sauƙi. Amma haka kawai ya faɗa, kamar mai cewa a miƙo masa gishiri. Saodah ta dubi uwarta. Mak Embong ta duƙar da kai tana kallon tafin hannunta. Saodah ta tattara farantai ta yi bayan gida.

Ba ta taɓa buɗe baki ta ce tana son bargon nan ba, amma tana so, irin son da babba yake jin kunyar faɗa. Ba auren ba, wannan ta daɗe da cire rai. So take a ce akwai abu ɗaya a duniya da uwarta ta zauna ta ɓata lokaci a kai dominta. Duk sanda ta gama na wani jika ta shanya a igiya, sai ta ce a ranta ƙila yanzu Mak za ta ce a sauke nata. Yau ga shi za a sauke, a ba yarinyar da ko sunan ƙauyen sai ta tambaya.

Deraman ya koma ranar Asabar. Ranar Lahadi da hantsi, ruwa na dukan kwano, Mak Embong ta ce, “Ɗauko ƙunshin nan.”

Saodah ta ɗauko ta zazzage a tabarma. Warin akwati ya tashi. Ga 'yar rigar jarirai da ta koma ruwan ƙasa, ga shuɗin siket na makaranta da tabon tawada a aljihu, ga zanen da ta yi goyon ƙanne huɗu da shi har tsakiyarsa ta yi shara-shara. Ga kuma koriyar rigar da aka ɗinka mata ranar da manyan Mat Zin suka zo, sau ɗaya ta sa. Ta ɗauki almakashi, ta ajiye.

“Mak, in tambaye ki. Sai mutum ya yi aure yake zama ɗa a gidan nan?”

“Wace irin magana ce wannan?”

“Shida kika yi da hannunki. Huɗu na yi da sunanki, ban taɓa cewa uffan ba. Yau kuma ni zan yanka rigunana in ɗinka wa 'yar Man, ta zo ta sumbaci hannunki? Na gaji, Mak. Wallahi na gaji.”

Tsohuwar ta dubi kayan da ke tabarma. Ta miƙa hannu ta jawo koriyar rigar, tana shafawa, hannun na karkarwa a kai.

“Na taɓa sauke shi,” ta ce. “Lokacin Mat Zin. Har na kai almakashi aka wasa.”

“To me ya hana?”

“Duk wanda na ɗinka wa, Odah, tafiya yake yi. A lokacin na riga na ba ƙannenki biyu nasu, na ga yadda suka rungume suka juya baya. Na dubi gidan nan, na dubi yara, na ce in wannan ta tafi na shiga uku. Sai na mayar. Ba karatun Man ba ne, ba auta ba ne. Ni ce. Daga baya kuma kunya ta hana ni saukewa. In ce miki me? Ga bargon auren da na hana ki?”

Saodah ta daɗe da zargin haka, amma zargi daban, ji da kunne daban. Ta so ta yi fushi, ta laluba ta rasa. Gajiya ce kawai ta sauko mata tun daga wuya har yatsun ƙafa, kamar ta wuni tana ɗaukar ruwa. Ta zame ɗankwalinta ta nuna kai.

“Duba, Mak. Furfura. Yanzu ko kin ɗinka, ina za ni?”

Ta shiga tattara kayan. “Izzati dai ba za ta samu ko zare ɗaya a nan ba. In Man ya ji haushi, ya ji.”

Wannan ne karo na farko da aka ji Kak Long ta ce a'a a gidan. Da yamma ta ɗauki lema ta je wurin Munah mai ɗinki a bakin kasuwa, ta roƙi ragowar yadi, ta dawo da buhu guda. Kayan baƙi ne, ba mai tarihin kowa, amma masu haske ne, kuma Izzati ba za ta bambance ba.

Washegari da ta shimfiɗa tabarma sai ta tarar tsohuwar ta riga ta fitowa baranda, ƙunshin na cinyarta.

“Yanka mini, ba na iya almakashi. Ki zura mini zare kuma.”

“Mak, hannunki…”

“Na ce ki zura.”

Saodah ta yanka mata guntaye daga koriyar rigar da siket da zanen goyo, ta zura zare ta miƙa. Haka suka zauna kwana goma sha ɗaya, kowa da aikinsa. Bargon Izzati yana ta girma har ya rufe ƙafafun Saodah ya gangara tabarma, ja kusa da ja, ba mai cewa a farke. Mak Embong ba ta da lokacin kallon kowa. Sai ta saita allura, hannun ya kauce. Ta sake saitawa, ta soki yatsa, ta tsotse, ta ci gaba. Zare ya zame ya fi a ƙirga, duk zamewa sai ta miƙo allura ba tare da ta ɗago ba, Saodah ta zura ta mayar. Wani lokaci ɗinki ɗaya sai ya ci mata tsawon shan shayi. Saodah tana gani ta wutsiyar ido, zuciyarta na ciwo, amma ba ta ce a bari ba, don tana so. Allah ya sani tana so.

Rana ta goma sha biyu, bayan azahar, allurar ta faɗi ta shige tsakanin katako. Tsohuwar ba ta ce a nemo ba. Ta ɗora hannuwanta a cinya tana kallonsu suna rawa, sannan ta miƙa wa Saodah abin da ta haɗa. Guntaye uku ne, kore da shuɗi da na zanen goyo, ɗinkin manya-manya a karkace, da ɗigon jini a gefe.

“Ba zan iya ba, Odah. Na bari lokaci ya wuce ni. Ki ƙarasa abinki.”

“A'a, Mak. In na ƙarasa, ni na ba kaina.”

Ta shimfiɗa shi a gwiwa, bai ma rufe gwiwar ba. Ta bi ɗinkin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, har ƙarshe.

“Bai kai ko'ina ba,” in ji tsohuwar.

“Na gani.”

“Kin yafe mini?”

Saodah ta jingina kanta da bango ta lumshe ido, tafinta a kan ƙyallen.

“Zan yafe, Mak. Ki bari dai in huta tukuna.”